Adolphe Quetelet: masanin taurarin da lissafinsa ke cikin katin asibitinka

Idan ka taɓa zuwa asibiti a Daura aka ce ka cire takalmi ka hau sikeli, sannan aka jingina ka da bango aka auna tsayinka, wataƙila ka ga ma'aikaciyar jinya ta latsa waya ta rubuta wata lamba a katinka: 22, ko 27, ko 31. Wannan lamba ita likitoci ke kira BMI, wato awon nauyin mutum gwargwadon tsayinsa. Da ita ake cewa wane ya rame, wane daidai yake, wane kuma ƙiba ta yi masa yawa. Wanda ya fara fito da lissafin bai taɓa karatun likita ba, bai taɓa duba majinyaci ba, ƙiba ma ba ta cikin abubuwan da suka dame shi. Masanin taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, ana furta sunan kamar Ketile. Idan ka san tarihinsa za ka fi gane iyakar abin da lambar nan za ta iya gaya maka game da jikinka.

An haife shi ranar 22 ga Fabrairu 1796 a birnin Ghent, shekara takwas kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu. A lokacin garin yana hannun Faransa. A 1815, bayan faɗuwar Napoleon, aka haɗa yankin da Holan, a 1830 kuma mutanen yankin suka yi bore suka kafa Beljiyam. Kafin ya kai shekara 35 ya zama ɗan ƙasa uku ba tare da ya yi ƙaura ba.

Mahaifinsa ya rasu a 1803, yaron yana da shekara bakwai, gidan kuma ba mai hali ba ne. Dole ya fara neman na kansa da wuri. Yana ɗan shekara 17 ya kama koyarwa a wata makaranta a garin Oudenaarde, a 1815 ya dawo Ghent yana koyar da lissafi. Zuciyarsa a lokacin ta fi karkata ga zane da waƙa, har shi da abokinsa Germinal Dandelin suka rubuta wasan kwaikwayo na kiɗa aka nuna shi a Ghent. Amma lissafi ne ya ciyar da shi. A 1819 ya samu digirin digirgir a sabuwar Jami'ar Ghent, ya koma Brussels koyarwa, shekara guda bayan haka aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana ta ƙasar yana da shekara 24 kacal. Daga 1834 har mutuwarsa shi ne sakatarenta.

Daga taurari zuwa mutane

Babban burinsa shi ne a gina wa Brussels gidan duban taurari. Ya yi ta naci a wurin hukuma har a 1823 aka tura shi Paris ya koyo aikin. Wata uku kawai ya yi, amma tafiyar ce ta juya rayuwarsa. Can ya haɗu da manyan masana lissafi irin su Laplace da Fourier, ya koyo wani abu da masu duban taurari suka daɗe suna amfani da shi.

Abin kuwa shi ne: idan mutum ashirin suka auna inda tauraro yake, kowa zai kawo amsa daban, domin ido na kuskure, hannu na rawa, na'ura ma ba ta rasa aibu. Amma kurakuran suna da tsari. Yawancin amsoshin suna taruwa kusa da juna a tsakiya, kaɗan ne ke yin nisa ta sama ko ta ƙasa. Idan ka zana su a takarda sai su fito kamar tudu, ko ƙwarya da aka kife. Tsakiyar tudun nan ita ake ɗauka a matsayin ainihin wurin tauraron. Ka ɗauka an ba mutum ashirin igiya su auno zurfin rijiyar Kusugu. Ba za su zo da amsa ɗaya ba, amma zurfin rijiyar ɗaya ne, kuma matsakaicin amsoshinsu zai fi kusa da gaskiya fiye da amsar yawancinsu.

Quetelet ya dawo gida da wannan tunani, ya tambayi kansa ko za a iya yi wa mutane irin wannan awo.

Ya samu lokacin bin tambayar ne saboda aikin ginin ya ja ƙafa. An naɗa shi shugaban gidan a 1828, amma boren 1830 ya tarar da ginin bai ƙare ba, masu faɗa suka mai da shi mafaka, ya kuma lalace. Sai 1832 ya samu shiga. A shekarun jiran nan ya duƙufa kan rajistar haihuwa da mutuwa da aure da laifuffuka. Ya lura adadin kisan kai da ake yi a Faransa kowace shekara kusan ɗaya ne, har irin makamin da ake amfani da shi ba ya canzawa sosai. Wannan ya jawo masa suka, wasu suka ce yana nufin mutum ba shi da zaɓi cikin abin da yake aikatawa. Shi kuwa abin da ya ɗauka daga ciki shi ne, idan aka gyara yanayin rayuwar al'umma, lambobin za su sauya. Wannan fahimta ce har yau ginshiƙin aikin kiwon lafiyar jama'a.

Yadda lissafin ya fito

Tsakanin 1831 da 1833 ya fitar da bincike kan yadda tsayi da nauyin mutum ke ƙaruwa daga haihuwa zuwa tsufa. Ya yi amfani da awon jarirai daga asibitin haihuwa na Brussels, da na yara 'yan makaranta da marayu, da na manya da tsofaffi. A zamanin ba a saba ɗora mutum a sikeli ba. Hatsi da gawayi ake aunawa.

Tambayar da ya yi mai sauƙi ce. Idan mutum ya fi wani tsayi, da nawa ya kamata ya fi shi nauyi? Akwatin da aka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa sau biyu zai ci kaya ninki takwas. Da jikin mutum haka yake girma ta kowane ɓangare daidai, da nauyi zai bi tsayi sau tsayi sau tsayi. Quetelet ya duba awon da ya tara ya ga ba haka abin yake ba. Dogo ba gajere ne da aka hura ba, yakan fi shi siranta idan aka kwatanta da tsayinsa. A wurin manya da suka gama girma, nauyi yana bin tsayi sau tsayi ne kawai. Ga misali: idan mai tsayin mita 1.60 yana da kilo 60, lissafin akwati zai ba mai mita 1.80 kusan kilo 85, lissafin Quetelet kuwa kusan kilo 76, kuma na biyun ne ya dace da abin da ake gani a jikin mutane. Ya kuma lura cewa ƙa'idar ba ta aiki a shekarar farko ta jariri da lokacin balaga, inda girma ke tafiya da wani salo daban.

Daga nan lissafin da ke katinka ya samo asali: a raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.70, sai a ce 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 80 da shi, a samu 27.7.

Ka lura da abin da babu a cikin aikinsa. Bai ja layi ya ce daga lamba kaza ƙiba ta fara ba. Bai danganta nauyi da ciwon suga ko hawan jini ba, ai ko na'urar awon jini ta ɗaurawa a hannu ba a ƙirƙiro ba sai bayan mutuwarsa. Maganar nauyi da tsayi 'yan shafuka ce a cikin babban littafinsa na 1835 kan ɗan Adam da bunƙasar baiwarsa, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1842. Abin da yake nema a littafin shi ne siffar wani da ya kira matsakaicin mutum.

Matsakaicin mutum

A nan basirarsa take, a nan kuma ya yi tuntuɓe. Ya samo awon ƙirjin sojojin Sikotlan 5,738 daga wata mujallar likitoci ta Edinburgh, ya jera su, sai ga tudun nan na masu duban taurari ya fito. Ya duba tsayin samari 100,000 da aka kira aikin soja a Faransa, ya ga waɗanda aka rubuta sun gaza tsayin da doka ta gindaya, wajen mita 1.57, sun yi yawa fiye da yadda tudun ya nuna. Ya ƙiyasta cewa sama da mutum 2,000 sun tsere wa aikin ta hanyar maguɗin awo. Yana zaune a ofishinsa a Brussels ya kama zambar da aka yi a wata ƙasa da alƙalami kawai.

Amma ya ɗauki kwatancen da nisa. Tauraro ɗaya ne ake aunawa sau da yawa, don haka tsakiyar ita ce gaskiya, saura kuskure. Sojoji 5,738 kuwa mutane ne daban-daban, kowa da halittarsa. Quetelet ya riƙa kallon su kamar kwafi ne na siffa guda da aka yi ta kuskurewa wajen kwaikwayo, ya ɗauki matsakaicin a matsayin kamala, wanda ya kauce masa kuma ya zama mai naƙasu. Wasu masana tarihi suna ganin tashin hankalin 1830 ne ya sa shi ƙaunar tsaka-tsaki haka, a jiki da siyasa duka. Ko ma mene ne dalili, tunanin ya bar baya da ƙura. Daga baya Francis Galton na Ingila ya ɗauki wannan tudu ya mai da shi tsani na fifita wasu mutane a kan wasu, ya kafa aƙidar tace iri wadda ta jawo zalunci mai yawa a ƙarni na 20. Ba Quetelet ya shuka wannan ba, amma da kayan aikinsa aka yi noman.

Ga wani abu kuma da ya shafe ka kai tsaye: mutanen da ya auna Turawan yammacin Turai ne na farkon ƙarni na 19. Babu Bahaushe ko Bafillace a cikinsu, babu ma wani ɗan Afirka.

Sunansa ya yi tashe a zamaninsa. Ya koyar da Yarima Albert lissafi kafin ya auri Sarauniya Victoria. Yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan a 1834. Ya shugabanci hukumar ƙididdiga ta Beljiyam daga 1841, ya tsara ƙidayar jama'a ta 1846 wadda wasu ƙasashe suka yi koyi da ita. A 1853 ya tara taron ƙididdiga na duniya na farko a Brussels, kuma a wannan taro aka ɗora wa William Farr na Ingila da Marc d'Espine na Geneva aikin tsara sunayen cututtukan da ke kashe mutane ta yadda kowace ƙasa za ta rubuta iri ɗaya. Wannan aiki ne kakan kundin rarraba cututtuka da Hukumar Lafiya ta Duniya ke riƙe da shi yau. A ganinmu wannan gudummawa ta fi BMI nauyi a harkar lafiya, ko da yake ba a cika tuna shi da ita ba. Florence Nightingale, wadda ta yi amfani da lambobi ta nuna cewa ƙazantar asibiti ta fi harsashi kashe sojoji, tana ɗaukarsa malaminta.

A 1855, yana da shekara 59, ya gamu da bugun jini a ƙwaƙwalwa, irin wanda ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, amma bai koma yadda yake ba. Tunaninsa ya raunana, rubutunsa ya koma maimaita abin da ya riga ya faɗa, ɗansa Ernest ya ɗauke masa yawancin aikin gidan taurari. Matarsa Cécile ta rasu a 1858, 'yarsa Isaure ta bi ta a 1860. Duk da haka ya ci gaba da aiki kusan shekara ashirin, har ya fitar da wani littafi kan awon sassan jikin mutum a ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu a Brussels ranar 17 ga Fabrairu 1874, saura kwana biyar ya cika shekara 78. A 1880 aka kafa mutum-mutuminsa a gaban ginin majalisar masana.

Abin da aka yi da lissafin bayansa

Kusan shekara ɗari lissafin nauyin yana kwance ba mai waiwayarsa sai 'yan tsiraru. Kamfanonin inshorar rai na Amurka ne suka fara damuwa da ƙiba, domin sun ga masu nauyi da yawa suna riga saura mutuwa, kamfani kuma yana biya da wuri. Suka fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsayi, likitoci suka ara. A 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, da abokan aikinsa suka gwada hanyoyin lissafi daban-daban a kan maza sama da 7,400 daga ƙasashe biyar, suka kwatanta da ainihin kitsen jikinsu. Na Quetelet ya fi saura dacewa, ko da yake shi ma ba cikakke ba ne. Keys ne ya raɗa masa sunan da aka taƙaita zuwa BMI, ya kuma yi gargaɗi cewa ya fi amfani wajen nazarin jama'a da yawa fiye da yanke hukunci kan mutum ɗaya. Mata ba sa cikin waɗanda aka auna.

Iyakokin da ake aiki da su yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta daidaita su a shekarun 1990. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka matsalar lafiya. Hukumar ta ce a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 890 daga cikinsu masu ƙiba ne. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame.

Lambar tana da amfani, kada ka raina ta. Idan aka ɗauki jama'a da yawa, yayin da take hawa sama da 25, musamman ta wuce 30, haka haɗarin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da wasu nau'o'in kansa ke ƙaruwa. Mace mai ƙiba ta fi shiga haɗarin hawan jini da suga lokacin goyon ciki. A wurinmu ana yi wa ƙiba kallon alamar hutu, amarya ta yi jiki a ce gidan ya karɓe ta, mutum ya ajiye tumbi a ce ya samu. Wannan ne ke tura wasu 'yan mata shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, suna kumbura fuska, su tara kitse a ciki, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina farat ɗaya ba sai da likita, domin yankewar kanta tana iya kwantar da mutum.

Ɗaya gefen ma yana da muhimmanci a ƙasar Daura, inda damina ke zuwa da ƙarancin abinci a gidaje da yawa. Mace mai kilo 45 da tsayin mita 1.60 lambarta 17.6 ce, ta rame ke nan, kuma idan ta ɗauki ciki a haka jaririn na iya zuwa da ƙarancin nauyi. Babba da ke zubewa ba tare da ya rage ci ba ya kamata a bincike shi, domin tarin fuka da ciwon suga da wasu cututtuka haka suke farawa.

Sai dai sikeli bai san bambancin tsoka da kitse da ruwa ba. Ɗan dambe ko mai dakon buhu a kasuwa na iya kai 27 ba tare da kitsen kirki a jikinsa ba. Tsoho mai siraran ƙafafu da babban tumbi na iya tsayawa a 23 alhali yana cikin haɗari, domin kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ya fi ɓarna. Mai ciwon ƙoda ko zuciya da jikinsa ya kumbura, nauyinsa na ruwa ne. Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da wannan jadawali. Yara ma suna da nasu bisa shekaru da jinsi, kamar yadda Quetelet da kansa ya hango, ƙananan yara kuwa da ma'aunin damtse mai launi ake gano tamowa, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nufin mai tsanani. Kuma jinsunan mutane sun bambanta: a 2004 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna cewa a wurin mutanen Asiya da yawa haɗari na farawa tun daga 23. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta shawarci 'ya'yanta su daina dogara da BMI shi kaɗai.

Don haka idan an rubuta maka lamba, ka nemi a haɗa ta da awon ƙugu. Za ka iya yi a gida da tef ɗin tela: ka tsaya, ka saki numfashi, ka zagaya shi tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, wajen saitin cibiya. Ga namiji haɗari na farawa daga santimita 94, ya tsananta daga 102. Ga mace daga 80, ya tsananta daga 88. In babu tef, yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a ƙugunka. Idan bakin biyu suka kasa haɗuwa, ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, ka je a auna maka jini da suga ko da ba ka jin ciwon komai.